Matar Da Wutarta Ba Ta Kwana

Akwai wata mata a wani ƙauye na bakin kogi, tun zamanin da ashana ba ta kai ƙauyuka ba. Mace ce mai fara'a, ga son mutane, ga iya girki, amma tana da hali guda: wutarta ba ta kwana. In za ta tuƙa tuwon dare sai ta cusa karan dawa a murhu, wuta ta tashi bal-bal tana lasar tukunya. Da ta sauke tuwo kuwa shi ke nan, ta juya wa murhu baya. Kafin gari ya waye ya yi sanyi kamar gindin randa.

Wannan bai taɓa damunta ba, gama tana da maƙwabciya, wata tsohuwa da ba a taɓa samun murhunta a mace ba. Kowace safiya sai matar ta ɗauki tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, ta leƙa gidan tsohuwar.

"Iya, ina kwana? A sam mini wuta."

Tsohuwar takan zuba mata garwashi, ta ce, "'Yata, ki riƙa sa gungume ki rufe da toka mana. Wutar kara ba ta kai safiya."

"Haba Iya, kina nan da ranki, me zai sa in wahala?" Sai ta yi dariya ta wuce. Har matan ƙauyen suka sa mata suna Uwar Tsingaro, ita kuwa ko a jikinta, amsawa ma take yi.

Wata damina birai suka addabi gonarsu da ke hayin kogi. Mijinta ya ce su koma bukkar gona su zauna har hatsi ya nuna. Suka tafi da mahaifiyarsa, gama ba wanda za su bar wa ita. Tsohuwa ce mai fama da tari, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, ba ta kuma iya cin komai sai kunu mai zafi. A can gona mijin ne yake tura gungume a murhu kowane maraice, bai taɓa cewa komai ba, matar kuma ba ta taɓa lura ba.

Ran nan mijin ya haye zuwa ƙauye domin ya karɓo wa uwarsa magani, da nufin ya dawo kafin rana ta faɗi. Da zai tafi ya jawo wani gungumen kirya, itacen nan mai tauri, ya tura kan gungumen cikin murhu. Ashe an yi ruwa mai yawa a kan duwatsu. Kafin la'asar kogi ya cika ya batse, ya kwashe kwalekwalen da ke ɗaure a gaɓa, ba kuwa mai fiton da ya yarda ya tunkari ruwan. Matar ta jira har ta gaji, ta yi girkinta da kara kamar kullum, ta kwanta.

Da safe hannunta ya kai ga tsingaro tun ba ta gama buɗe ido ba. Sai da ta kai bakin ƙofa sa'an nan ta tuna inda take. Ta duba, ruwa ne ja wur ya raba ta da ƙauye. Ba Iya, ba maƙwabci, ba ƙofar da za ta leƙa.

Daga cikin bukka surukarta ta yi tari, jikinta yana rawa don sanyi, ta ce, "'Yar nan, dama mini kunu."

Matar ta tura hannu cikin toka, ta ji sanyi ƙalau. Tsoro ya kama ta, gama ta san tsohuwar nan ba za ta yi kwanaki ba in babu wuta. Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

"Kuka ba ya hura wuta," in ji tsohuwar. "Juya gungumen nan ki duba ƙarƙashinsa."

Ta juya. Ga wani ɗan garwashi a maƙale jikin kiryar, bai fi ƙwayar dawa ba. Ta yi wuf ta rarumo kara za ta jibga masa.

"A'a! Za ki danne shi. Zaro busasshiyar ciyawa daga jinka, ki hura a hankali."

Ta durƙusa tana hurawa, hayaƙi yana shiga idonta, har ciyawar ta kama. Da ta ga harshen wuta ya tashi, ba ta miƙe ba sai da ta gode wa Allah, gama ta sani sarai ba ita ta ajiye garwashin nan ba.

Daga ranar ta shiga koyon abin da ta raina. Itace duk a jiƙe yake, saboda haka na gobe yau take shigo da shi, ta jingina kusa da murhu ya bushe. Da maraice ta tura gungume, ta rufe garwashi da toka. Da safe kuma, tun ba ta wanke fuska ba, sai ta tone, ta hura. Aikin ba shi da daɗin kallo, ba kuma mai yaba mata. Akwai ranar da ta yini tana korar birai, ta dawo a gajiye liƙis, ta kwanta tana cewa a ranta, yau ɗaya dai ba komai. Sai ta ji tarin tsohuwar. Ta tashi tana gunaguni, ta rufe wutar, ta koma.

Kwanaki suka zama makonni, kogi bai sauka ba. Amma hannunta ya saba, ta san itacen da yake riƙe wuta da wanda yake cinyewa nan da nan. Gunagunin ma ya tafi, har takan yi 'yar waƙa in tana tonon toka. Tsohuwar kuma tana shan kununta da zafi, tarin ya yi sauƙi, ta fara fitowa bakin ƙofa tana shan hantsi.

Wata safiya ruwa ya ja baya, sai ga kwalekwale ya nufo su. Mijin ya diro tun bai kai gaɓa ba. Ya ga uwarsa zaune da ƙoƙon kunu. Sai ya ce wa matarsa, "Kowace safiya ina tsaye a bakin kogi. In na ga hayaƙi ya tashi daga bukkar nan sai in ce suna da rai, sa'an nan in iya cin abinci. Da a ce wata safiya ban gani ba, da na faɗa ruwan nan, ko in kai ko kada in kai."

Matar ta tuna ranar da ta ce yau ɗaya ba komai.

Mijin ya koma kwalekwale ya ɗauko wani tsingaro ya miƙa mata. "Iya ce ta aiko ni. Jiya iska ta yaye jinkar madafinta, ruwa ya kashe mata murhu. Maƙwabta sun kawo mata wuta ta ƙi karɓa. Ita ma kullum tana kallon hayaƙin nan. Ta ce in gaishe ki, ki sam mata taki."

Matar ta karɓa tana dariya, hawaye suna zuba. Ta durƙusa a gaban murhu, ta zaɓo garwashin kirya manya-manya ta cika tsingaron.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Wutar ita ce bangaskiya. Gidan Iya shi ne taron masu bi, inda muke zuwa mu ɗebi wa'azi da waƙa da addu'ar waɗansu. Ɗiban wuta ba laifi ba ne, Allah ne ya ba mu maƙwabta, muna kuwa gode masa saboda su. Amma da yawa a cikinmu wutar kara muke yi. Ran Lahadi muna ci bal-bal, muryarmu ta fi ta kowa, kafin Talata murhu ya mutu, sai mu ɗauki tsingaro mu jira wata Lahadin. Na ga waɗansunku suna murmushi, ban dai kira sunan kowa ba.

Kogin kuwa ba ya sallama kafin ya cika. Wani a cikinmu, ciwo ne zai kwantar da shi a ɗaki; wani, aiki ne zai kai shi garin da babu majami'a; wata kuma, aure ne zai kai ta nesa da danginta. Wani lokaci annoba ce take rufe ƙofofi duka. A ranar, abin da ka saba yi a gidanka shi ne zai riƙe ka.

Ku lura, ba matar ce ta ajiye garwashin farko ba. Wannan shi ne alherin Ubangiji, wanda yake tura gungume a murhunmu muna barci ba mu sani ba. In yau ka duba zuciyarka ka ga toka kaɗai, kada ka fid da rai, juya ka duba ƙarƙashi. In ka samu kuma, kada ka jibga masa manyan alkawarai, za ka danne shi. Fara da kaɗan. Karanta 'yan ayoyi da safe tun ba ka shiga harkar duniya ba, ka riƙe guda a zuciya saboda gobe. Da maraice ka durƙusa ka gode, ko da a gajiye kake, ko da ba ka jin daɗin yi.

Kada kuma ka ce wannan tsakanina da Allah ne kawai. Akwai marar ƙarfi a cikin gidanka da yake jin ɗumin wutarka. Akwai kuma wani a hayin kogi, ba ka ganinsa, wanda hayaƙinka ne yake hana shi faɗawa ruwa. Wata rana ma wanda ya koya maka addu'a shi ne zai rasa ƙarfin yi, ya aiko maka da tsingaro. Saboda haka yau da maraice, kafin ka kwanta, ka rufe wutarka.