Inuwar Da Kyaftin Bai Taɓa Gani Ba

Akwai wani dattijo mai jirgin ruwa na inji, aikinsa ƙetarar da mutane daga wannan gaɓar kogi zuwa waccan. Kowa Kyaftin yake ce masa. Mutumin kirki ne, amma fa akwai taurin kai. Idan ya ce jirginsa taku ashirin ne, ko ka kawo tef ka auna ka samu sha tara, to tef ɗin ne ya yi ƙarya.

Shekara talatin da biyu matarsa tana shiga jirgin nan tare da shi. Ita ke kwashe ruwan da ya taru a ƙasa, ita ke riƙe wa mata jarirai har su hau. Abu ɗaya ke haɗa su faɗa: ba ta zama wuri ɗaya. Yanzu tana damansa a kusa da inji, ana juya jirgi ta koma hagunsa, ta ɗaga mayafi tana ta gyarawa. Shi ya sa ya laƙaba mata Ba-ki-zama. Ita dai sai ta yi murmushi ta ce ya kula da gabansa.

Ana nan sai aka yi mata aikin yanar ido. Likita ya ce ta kiyayi rana da ƙyallin ruwa. Babbar 'yarsu, wadda ke aikin jinya a birni, ta kafa doka: Inna ba za ta sake taka jirgi ba sai an yi masa rumfa mai tare rana da gaske. In ba haka ba, za ta ɗauke ta su koma birni, don ta san muddin tana jin ƙarar injin nan daga gida, wata rana sai ta sulale ta bi shi.

Wata biyu Kyaftin yana tuƙi shi kaɗai. Ya rame, ya daina raha da fasinja, ga wani ciwon kai da yake dawowa da shi kullum da yamma. Yana kewarta ƙwarai, amma sai ya ce tsufa ne.

Sai ya tafi wurin Mai Rumfa, wani magidanci mai walda da ɗinkin tamfol a bayan kasuwa. Shagon cike da fayif-fayif na ƙarfe da guntayen yadi, keken ɗinki a lungu. Kyaftin bai ko zauna ba ya fara ba da umarni: yana son rumfa doguwa wadda mutum zai miƙe tsaye a ƙarƙashinta, baƙa, a kafa ta a tsakiyar jirgi inda benci mai laushi yake, don can zai ajiye matarsa kamar sarauniya.

Mai Rumfa ya saurara har ya gama. Sannan ya yi masa bayani cikin ladabi cewa rumfa in ta yi tsawo, da tsakar rana kawai take amfani, ga iska na kama ta, baƙin tamfol kuma zafi yake tarawa. Ya ƙara da cewa shi ba ya yanka yadi sai ya shiga jirgi ya ga inda wanda za a yi wa rumfar ke zama, ya ga ta ina rana ke dukansa.

"Yaro," in ji Kyaftin, "ina tuƙa jirgin nan tun kafin ka iya riƙe almakashi. Kai za ka nuna mini inda rana take?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ƙofata a buɗe take."

Kyaftin ya fice. Ya sayi baƙin tamfol da sanduna huɗu, ya wuni yana ɗauri da igiya. Da ya gama ya ja baya ya kalla, shi kansa ya yaba wa kansa.

Ranar gwaji 'yarsa ta zo da kanta, ta zauna a bencin tsakiya a madadin uwarta. Da hantsi ne. Inuwar rumfa kuwa ta tsallake jirgi gaba ɗaya ta faɗa cikin ruwa, rana na dukan 'yar a fuska. Da suka kai tsakiyar kogi iska ta cika tamfol, jirgi ya karkace, sanda ɗaya ta tsinke igiya ta kwashe malafar Kyaftin ta jefa a ruwa.

'Yar ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ta ce, "Baba, kifi ka yi wa inuwa. Ranar Asabar zan zo in tafi da Inna."

Ya koma gida ya tarar da matarsa ta fara naɗe kayanta a hankali. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon akwatin. Washegari da sassafe sai ga shi a shagon Mai Rumfa, kai ba malafa, murya ta yi ƙasa.

Mai Rumfa bai tuna masa ko kalma ɗaya ba. Ya ɗauki tef da alli ya bi shi. Roƙonsa ɗaya ne, a bar Inna ta shiga jirgi ƙetare biyu kawai, da baƙin tabarau, kafin rana ta yi ƙarfi. Da ƙyar 'yar ta yarda a waya.

Kyaftin ya zaunar da ita a bencin tsakiya, ya ce don Allah yau dai ta zauna. Ta ce to. Ba su yi nisa ba ta tashi ta dawo damansa, ta ɗaga mayafi. Da suka kai gaɓa aka juya, ta koma hagu. Kyaftin ya dubi Mai Rumfa ya ce ka gani ko, shekara talatin da biyu haka nake fama.

Hankalin Mai Rumfa kuwa yana wani wuri. Fuskar Kyaftin yake kallo. Duk inda matar ta zauna ta ɗaga mayafin nan, inuwarta a kan idon mijin take sauka, ita kuma rana na gasa mata gefen fuska.

Da suka tsaya Mai Rumfa ya durƙusa ya ja layi da alli a bayan jirgi, kusa da inji. Kyaftin ya ce ai a tsakiya ya ce. Mai Rumfa ya ce, "Baba, ko rumfar zinariya na kafa a tsakiya, Inna ba za ta zauna ba. Ba ƙin zama take yi ba. Rana take tare maka."

Kyaftin ya tuna ciwon kan nan da bai taɓa sani ba sai da ta daina zuwa. Ya dubi gefen fuskarta, ya dubi baƙin tabarau. Ya tambaye ta ko gaskiya ne.

"To, Malam, malafa ba ta tare rana ta gefe," in ji ta. "Kai ke kallon hanya, ga rayukan mutane a hannunka. Ni me nake kallo?"

Dattijon nan da ba a taɓa ganin hawayensa ba ya juya ya kama gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Kunya ta kama shi, tausayinta kuma ya cika masa zuciya.

Kwana uku Mai Rumfa ya yi yana aiki. Ya lanƙwasa fayif mara tsatsa, ya ɗaure shi da noti a jikin jirgi, ya yi rumfa gajera da farin yadi mai kauri daidai kan mutum biyu a zaune. A kowane gefe ya sa labule da ake saukewa a naɗe. Ranar Asabar 'yar ta zo, ta shiga ta zauna, ta ƙetare ta dawo, rana ba ta taɓa ta ba. Ta koma birni ita kaɗai, akwatin Inna kuma aka mayar ƙarƙashin gado.

Yanzu Inna na zaune wuri ɗaya a gefen mijinta. Duk sanda aka juya jirgi, Kyaftin ne ke miƙewa ya sauke labulen wannan gefe, ya naɗe na wancan, ya leƙa fuskarta ya tabbatar ba rana. Fasinjoji na ta ƙunshe dariya. Ita kuwa sai ta gyara tabarau ta ce, "Haba Malam, kai ba ka zama ne?"

Darasi: Wani abin da kake yi wa na kusa da kai ƙorafi a kansa, wataƙila hidima ce yake yi maka ba ka sani ba. Ka sauke girman kai, ka saurari mai sana'a, ka kuma duba da kyau ka ga wa ke shan rana don kai ka samu inuwa. Ku tura wa wanda ya daɗe yana tare muku rana, ku ce masa kun gani, kun gode.