Ƙwaya Biyu Maimakon Ɗaya

Akwai wani mai shagon wayoyi da ƙannensa ke kira Yaya Babba. Irin mutanen nan ne da ko ruwa ya miƙa wa mahaifiyarsa, sai ya tura hoton a gurup ɗin dangi.

Da gwaji ya nuna kitse ya yi wa Mama yawa a jini, aka rubuta mata maganin rage shi, ƙwaya ɗaya kullum. Nan take ya ɗauke ta daga gidan Auta, ƙanwarsa da ta daɗe tana kula da ita, wai ba ta iya ba. Ya ci alwashin a gwaji na gaba kowa zai ga bambanci.

Sai ya fara ba ta biyu, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ba a jima ba Mama ta fara kukan cinyoyi da kafaɗu. Ɗaura ɗankwali ma ya zame mata aiki.

Ta ce masa, "Jikina kamar an lakaɗa mini duka."

"Son jiki ne kawai, Mama. Tashi ki motsa."

Tana jan ƙafa tana cije leɓe, shi yana bin ta da waya yana ɗaukar bidiyo. Wallahi abin ƙyama.

Ranar da Auta ta zo gaisuwa ta raka Mama bayi, ta ga fitsarinta ya yi duhu kamar baƙin shayi. Ba ta nemi izinin kowa ba, sai asibiti.

Likitar ta ce naman jikin ya fara lalacewa, har abin ya taɓa ƙoda. Ta girgiza kwalin maganin.

"Bai kamata ya ƙare yanzu ba. Wa ke ba ta?"

Yaya Babba, da ya biyo su asibitin, ya duƙufa kan wayarsa.

Mama ta dube shi, ta jira. Can ta ce, "Ni ce, 'yar nan. Mantuwa nake yi, in sha in sake sha."

Ƙato da gemunsa, har da gyaɗa kai.

Da ƙyar Mama ta tashi daga wannan ciwon. Ranar sallama ya kawo mota, ya buɗe mata ƙofa. Ta damƙe hannun Auta.

"Je ka abinka. Na rufa maka asiri, kai kuwa ka bar ni da laifin. Ba zan ƙara kwana a gidanka ba."

Darasi: Jinyar iyaye ba gasar nuna kai ba ce. In mai shan maganin kitsen jini ya yi kukan ciwon jiki, a saurare shi, a koma wa likita. Kada a ƙara, kada a daina da ka. Ku tura wa masu kula da tsofaffi.