Ɗamarar da Ashemi ya ɗaura wa gidan Hajiya Dijatu

Akwai wani matashi a Lafiya mai suna Ashemi, mai zana gidaje da kwamfuta. Ya iya aikinsa, ba zan ci haƙƙinsa ba. Amma idan ka gaishe shi, da hanci yake amsawa.

Hajiya Dijatu ta ba shi aikin zanen gidanta a unguwar Azuba. Yayanta Alhaji Kalilu ya ce idan gidan ya burge shi, Ashemi ne zai zana masa jerin shaguna.

Sai Ashemi ya ƙirƙiro wata ɗamarar ado ta siminti, mai tudu uku, wadda za ta bi jikin bango daidai ƙwauri. Maimakon ya sa ta bango bayan bango, sai ya liƙa ta a kan samfurin bangon gaba ɗaya don ya huta.

To ita manhajar, in ka yi mata haka, duk inda irin bangon nan ya bi, ɗamarar na biye da shi. Ba ta san falo ba, ba ta san bayi ba. Ƙofa ma sai ka ce mata ta yanke. Ashemi bai ce ba, bai kuma duba ba.

Birkilan gidan, Baba Terkimbi, ya shekara talatin yana gini. Ya juya takardar zanen, ya sake juyawa, ya hau keke napep har ofishin Ashemi.

"Oga injiniya, wannan abu ya wuce ta bakin ƙofa fa. Har ɗakin akuya ya shiga."

"Baba, ka taɓa riƙe kwamfuta?"

"A'a."

"To kwamfuta ba ta kuskure. Abin da ka gani shi za ka gina."

"Ba wahala. Abeg, don Allah sa mini hannu a nan."

Ashemi ya sa hannu ko kallon takardar bai yi ba.

Ranar buɗe gida, ga Hajiya, ga Alhaji Kalilu, ga 'yan unguwa. Ashemi ya sha babbar riga, yana tafiya da baya-baya yana yi musu bayani.

"Alhaji, wannan dizain babu irinsa a duk Nasarawa. Ku shigo ku ga..."

Bai ƙarasa ba ɗamarar da ta gitta ƙofar falo ta kwashe ƙafarsa. Hula gabas, waya yamma.

Hajiya ta leƙa. Ƙofar kicin, ɗamara. Ƙofar bayi, ɗamara.

"Ɗan nan, ni da ciwon gwiwa, tsallake zan riƙa yi kamar akuya?"

Alhaji Kalilu ya dawo daga bayan gida yana share hawayen dariya. "Dijatu, ai akuyoyinki sun fi ki morewa. Nasu ɗakin ya fi falon kyau, kuma su sun iya tsallen."

Ashemi ya miƙe yana huci. "Laifin birkila ne!"

Baba Terkimbi ya zaro takarda daga aljihu, ya warware ta a hankali. "Oga, wannan hannun kwamfuta ne ko naka?"

Shaguna dai sun tafi hannun wani. Washegari aka ga Ashemi da guduma, Baba Terkimbi na zaune kan bulo yana nuna masa inda zai fasa.

Darasi: Na'ura abin da ka gaya mata take yi, ba ta da ido. In mai furfura ya ce ka duba, to ka duba. Ku tura wa 'ya'yanku masu amsa gaisuwa da hanci.