Hular Bututun Hayaƙi

Akwai wani direban tasi a unguwar Sih ta Madina, wajen farkon shekarun 1980, ana kiransa Sabo. Kakansu ne ya zo aikin Hajji daga ƙasar Hausa bai koma ba, ya bar musu gidan bene. Yayansa Ja'afaru da matarsa Zaituna suna ƙasa, shi da matarsa Shafa'atu suna sama. A saman rufin gidan Sabo yake kiwon tantabaru, kuma duk unguwa an san yadda yake ji da su.

Wata shekara sanyi ya matsa, Ja'afaru ya sa aka kafa masa daffaya, wato murhun ɗumama ɗaki mai aiki da gas. Mai kafawa ya gaya masa sharuɗɗa: bututun hayaƙi ya haura katangar rufi, a sa masa hular ƙarfe a baki saboda tsuntsaye, a bar wa ɗakin kafar shan iska, kuma a duba bututun kafin kowane sanyi.

Ja'afaru ya yarda da hula, ya watsar da sauran. Bututun ya tsaya guntu, bakinsa daidai ɗakin tantabarun da Sabo ya lulluɓe da buhuna saboda sanyi.

Ba a yi sati ba Sabo ya hau da safe ya tarar da tantabarun da ya fi so a kwance, sun sandare. Ya kwaso su a hannun riga ya sauko, ya sami yayansa da baƙi ana shan shayi.

"Yaya, dubi abin da bututunka ya yi mini."

Ja'afaru ya leƙa, ya yi dariya. "Ma'alesh, ya akhi, sai haƙuri ɗan'uwa. Tantabaru ne fa, ba mutane ba. Madina cike take da su, je ka kamo wasu."

Baƙi suka taya shi dariya. Wallahi dariyar nan ta fi mutuwar tsuntsayen yi wa Sabo ciwo. Ya ƙulle ta a ransa, ya ci gaba da gaishe da yayansa kamar ba komai.

Ya jira har zafi ya shigo, aka daina kunna daffaya. Wata rana da hantsi ya hau rufi ya kwance hular bututun. Ya juya ta, ya zuba ruwa, ta zama kwanon shan tantabarunsa. Kullum kuma sai ya watsa alkama a gindin bututun, tsuntsaye suka saba da wurin, suka yi ta kai kara da ciyawa har suka toshe shi da sheƙa.

"Hayaƙin ya koma musu," in ji shi a ransa. "Su ma su ji yadda ake ji. In an tambaya, aikin tantabaru ne."

A tunaninsa tari za su yi, ido ya yi ruwa, su fito a guje ya sami abin dariya. Bai san hayaƙin gas ba irin na itace ba ne. Ba a ganinsa, ba a jin warinsa, barci kawai yake sa mutum.

Sanyi ya dawo, Shafa'atu na da tsohon ciki, na farko bayan shekarun da suka yi suna nema. Sabo ya ɗauki fasinja zuwa Makka, yana ganin haihuwa da saura. Yana barin gari naƙuda ta taso, ta haifi namiji.

Da aka dawo da ita gida, Ja'afaru ya ce wa matarsa, "Sama akwai sanyi. Ki sauko da ita ɗakinmu, a kunna musu daffaya. Matar ƙanena ba za ta yi jego tana rawar ɗari ba."

Ranar ce aka fara kunna ta a shekarar, kuma ba wanda ya hau ya duba bututu. Zaituna ta toshe taga da bargo, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa, don kada iska ta shigi mai jego. Sannan ta tafi dafa ruwan wanka.

Da ta dawo bayan la'asar, ta ga wutar da ya kamata ta yi shuɗi tana ci rawaya. Shafa'atu ta zame daga jikin matashi, jaririn yana kan cinyarta, ko motsi ba ya yi. Zaituna ta girgiza ta, ba ta amsa ba. Ita ma ta ji kanta yana juyawa, ta rarrafo waje tana salati.

Ja'afaru ya ji salatin ya rugo, ya fizge bargon, ya kashe gas, ya sa su a mota sai asibiti. Allah ya yi da sauran kwana, uwa da ɗa suka farfaɗo. Likita ya ce da ruwan wankan ya ƙara jinkiri, da gawa biyu za a kawo masa.

Washegari Ja'afaru ya hau rufi. Ya zaro sheƙa daga bututun, ya waiwaya, sai ga hularsa a ɗakin tantabaru cike da ruwa.

Da azahar Sabo ya iso da kayan jarirai niƙi-niƙi, bakinsa har kunne, don an yi masa albishir tun a tasha. Ya tarar da gida tsit, hular tana tsakar gida.

"Gajarta bututu da rashin dubawa laifina ne, na ɗauka," in ji Ja'afaru. "Wannan kuma naka ne."

Shafa'atu tana zaune a jingine da Zaituna. Ta dubi hular, ta dube shi.

"Ni nake zuba wa tantabarun ruwa a cikinta in ka yi tafiya. Ka bar ni ina yi, ban san me nake riƙewa ba."

Sabo ya durƙusa. "Wallahi ba ku na nufa ba."

"Na sani," in ji ta. "Yaya Zaituna ka nufa, wadda salatinta ya sa aka fitar da ni."

A ranar mahaifinta ya zo ya tafi da ita da jaririn gidansa a unguwar Jurf. Can aka yi suna, ba a gayyaci Sabo ba, ba a tambaye shi zaɓinsa ba. A ƙofar masallaci wani maƙwabci ya miƙa masa hannu ya ce, "Mabruk, Allah ya raya Lurwanu." A nan ya fara jin sunan ɗansa.

Darasi: Mai ramuwa shi yake zaɓar ranar da zai ɗana mugunta, amma ba shi yake zaɓar wanda za ta faɗa wa ba. Kada ka yi dariyar asarar ɗan'uwanka, in kuma an ɓata maka, ka faɗa a fili a sasanta. Duk mai murhun gas a gida ya tabbata bututu ya haura rufi, yana da hula, ɗaki yana shan iska, kuma an duba kafin a kunna. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman gidan da ke da mai jego.