Ƙarfen Da Ya Ɗaga Malam Nomau

Ku gyara zama, ku bar surutun nan haka. Labari zan ba ku, kuma in na kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci, don ni har yau ban iya yanke shi ba.

A garin Tungar Marke an yi wani mutum, Malam Nomau, direban taraktar ƙungiyar manoma. Shekara talatin yana kanta. Ƙato ne na gaske, irin mutanen da in suka shigo zaure sai haske ya ragu. Matarsa Inna Tasalla kuwa 'yar firit ce, ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Allah ya ba su 'ya'ya uku. Mudi ne babba, makanikin tarakta kuma mai walda. Ashiru na bi masa, mai faci ne, rumfarsa na jingine da katangar gidan. Autarsu Sahura tana kwalejin aikin gona a birni, tana koyon zana injunan da ke ɗaga kaya da ƙarfin mai da na iska.

Wata damina ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Malam Nomau. Hannun hagu da ƙafar hagu suka mutu, bakinsa ya ɗan karkace, amma hankalinsa garau. Wahalar ita ce ɗaga shi. In za a yi masa wanka ko zai kewaya, sai an kira maza uku, wani lokaci har da maƙwabta. Su kama shi suna nishi, shi kuwa ya runtse ido har a gama.

Inna Tasalla ce ta fara lura ya rage cin abinci. Tuwon da yake cinye malmala uku ya koma loma biyu. Fura ma sai ya kurɓa sau ɗaya ya kau da kai. Ta canza miya, ta yi masa ɗanwake, ta yi faten da yake so, duk a banza. Wata safiya ta ajiye kwanon ta zauna a bakin gado.

“Malam, shekara arba'in ina dafa maka abinci. Yau ne hannuna ya lalace?”

Yana kallon rufin ɗaki ya ce, “Hannunki lafiyarsa lau, Tasalla. In na ci, sai an ɗaga ni. Na gaji da ganin 'ya'yan mutane suna kallon tsiraicina.”

Ta ɗauki kwanon ta fita, sai da ta kai bayan rumbu sannan ta yi kukanta. Da ta wanke fuska ta aika aka kira mata yaran maza, ta sa aka buga wa Sahura waya ta zo gida. Ta gaya musu abin da ubansu ya ce, ta ƙara da cewa, “Ni ban san aikinku ba. Amma kullum ina jin kuna cika baki kuna ɗaga mota, kuna ɗaga garma. To ga ubanku nan. Ku yi min abin da zan ɗaga shi ni kaɗai, ba tare da kowa ya shigo ɗakin ba.”

Mudi bai jira isowar ƙanwarsa ba. Ya haɗa ƙarafa, ya ɗora jak ɗin mota, ya rataya buhun masara don gwaji. Buhun ya tashi kamar taku ɗaya daga ƙasa, sai abin duka ya kifa, ya fasa randar Inna. Ta dubi ruwan na malala a tsakar gida, ta dubi ɗanta, wanda saboda alkunya ba ta kiran sunansa.

“Babba, da ubanka ne fa?”

Washegari Sahura ta iso da jakar littattafanta. Ba ta taɓa ƙarfe ba. Ta sa aka kawo sikelin awon hatsi aka auna Baba yana kan tabarma, kilo ɗari da huɗu. Ta auna tsayin gado, faɗin ƙofa, da nisan gado zuwa makewayi. Kwana biyu tana zane a takarda, tana gogewa tana sakewa. Inna ta gaji da kallo ta ce, “Ke auta, takarda ce za ta ɗaga shi?”

Sahura ta yi dariya. Ta je kyamis ta sayo sirinji biyu, ƙarami da babba, ta haɗa su da siririn tiyo, ta cika da ruwa. Ta ɗora mudun gero a kan babban, ta ce, “Inna, danna ƙaramin da yatsa ɗaya.” Inna ta danna, mudun ya ɗaga a hankali. Ta janye hannu da sauri tana salati.

“Ba tsafi ba ne,” in ji Sahura. “Ruwa ba ya matsuwa. In kin tura shi ta ƙaramar hanya, sai ya kai ƙarfinki wurin da ya fi faɗi, ya ninka shi. A inji mai ake sawa maimakon ruwa. Sai dai za ki yi ta dannawa sau da yawa, shi kuma yana tafiya kaɗan-kaɗan.”

Sannan ta baje zanen a gaban yayyenta. Ta nuna wa Mudi dalilin kifewar nasa: ƙafafun ba su shiga ƙarƙashin nauyin ba, dole su miƙe har cikin ƙarƙashin gado. Ta nuna masa cewa saboda tsayin hannun ƙarfen da za a rataya Baba a kai, nauyin da zai sauka kan silinda, wato bututun da mai ke turawa ya ɗaga hannun, ya ninka na Baba sau huɗu, ita kuma ta sake ninka lissafin biyu don kada a yi wasa da rai. Ta kuma zana wata 'yar matsattsiyar ƙofa a bakin silindar, yadda ko tiyo ya fashe man ba zai zube lokaci guda ba, Baba zai sauko ne a hankali. Mudi ya sosa ƙeya ya ce shekara goma sha biyar yana kwance waɗannan abubuwa yana ɗaurawa, bai taɓa sanin dalilin wannan 'yar ƙofar ba. Wannan shi ne aikin Sahura.

Amma irin silindar da ta zana babu ita a kasuwar garin, babu a ta gaba. Mudi ne ya tuna da tsohuwar tirelar juye taki da ubansu ya ja shekaru, wadda ke yashe a bayan ofishin ƙungiya, ciyawa ta cinye ta, akwai irin silindar a jikinta. Ya nemi izini, ya kwana biyu yana fama da kusoshin da tsatsa ta kama, har guduma ta fasa masa farcen babban yatsa. Da ya buɗe silindar, cikinta duk tsatsa ne. Kowa ya ce ya jefar. Ya ƙi. Ya zauna a gindin darbejiya kwana huɗu yana goge ta da takardar yashi da kananzir, har ta koma tana ƙyalli. Robar da ke hana mai yoyo ta ruɓe, ba a kuma samun irinta, sai ya yanka wata da hannunsa. Ta farko ta yi yoyo, ta biyu ta tsage, sai ta bakwai ta zauna daram. Ya yi waldar ƙarafan bisa zanen, ya sa ƙafafun baro, ya kai wa mai ɗinkin tamfol ya ɗinka majanyin da za a zauna a ciki. Sahura ta tsuguna kusa da shi duk kwanakin nan tana kallon hannunsa. Ta ce a makaranta an nuna musu robar a hoto, ba a taɓa gaya musu mutum na iya yanka ta ba. Da aka rataya buhu biyu, abin ya ɗaga su ko gezau bai yi ba. Wannan shi ne aikin Mudi.

Sai aka ce Inna ta gwada. Ta kama sandar famfon da ke tura mai cikin silindar ta fara bugawa. Kafin buhun ya kai tsayin gado sai an buga sau tamanin, ita kuwa tana da ciwon kafaɗa tun shekarun daka. A bugu na talatin hannunta ya ƙi. Ta sake gwadawa da hagu, ta kai goma sha biyu. Ta zauna a kan turmi tana haki, idonta ya ciko. Sahura ta koma kan lissafi: in aka rage yawan bugun, sandar za ta yi wa Inna nauyi, in aka sauƙaƙa sandar, bugun zai ƙaru. Wutar lantarki kuwa ba abin dogaro ba ce a garin, balle a sa inji mai juya famfo. Mudi ya jefar da sifana ya ce to an koma gidan jiya, sai an kira namiji ya buga.

Sai Ashiru ya matso. Shi dama a gidan ana ganin aikinsa ne mafi ƙanƙanta. Ya ɗauki sirinjin Sahura ya zubar da ruwan, ya toshe bakin da yatsa, ya danna, ya saki. Sandar ta dawo da kanta.

“Kin ce ruwa ba ya matsuwa,” ya ce. “To iska tana matsuwa, kuma tana riƙe ƙarfin da aka ba ta. Taya nake cikawa da safe, ta ɗauki lodi har Legas. Me zai hana mu ajiye wa Inna ƙarfin a tanki?”

“Yaya Ashiru, iska tsalle take yi. Za ta wurga Baba sama.”

“In ita ce za ta ɗaga shi. Ni cewa na yi ta tsaya a baya ta tura man, man ya ɗaga shi a natse.”

Sahura ta buɗe littafinta tana juya shafuka, sai ga dabarar Ashiru kusa da ƙarshe, a babin da ba su kai ba tukuna. Ta miƙe ta rungume yayanta. Ashiru ya samo tankin iskar birkin babbar mota, ya gwada shi a cikin kwatarniyar facinsa ya tabbatar ba ya fitar da kumfa ko ɗaya. Ya sa masa bawul mai sakin iska in ta yi yawa. Ya huda katanga ya zuro dogon tiyo daga injin iskar rumfarsa har ƙofar ɗakin Baba, yadda cikawa ɗaya da safe za ta isa ɗagawa goma. A ƙarshe ya maƙala wani ɗan hannu mai laushi: a tura gaba a hau, a ja baya a sauka. Wannan shi ne aikin Ashiru.

Ranar da aka turo abin cikin ɗaki, Malam Nomau ya harare shi ya ce, “Ni buhun masara ne?”

Inna Tasalla ta kori yaran waje ta saki labule. Ta shiga majanyin da kanta, ta tura ɗan hannun. Ga ta nan tana tashi sama, ƙafafunta na lilo, ɗankwalinta ya zame, tana ihu tana dariya kamar yarinya a kan shillo. Malam Nomau ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara. Dariyar da bai yi ba wata uku ta ƙwace masa, har da tari.

Da ta sauko ta mirgina shi a hankali ta shimfiɗa masa majanyin, ta maƙala igiyoyin. Ta kai hannu za ta tura, sai ya ce, “Dakata.” Ya miƙa hannunsa na dama, mai lafiyar, ya kama ɗan ƙarfen. Ya tura kaɗan, ya saurari ƙarar iskar, ya ƙara. Jikinsa ya rabu da katifa. Ya tsayar, ya ja baya, ya sake turawa, irin yadda yake gwada garma kafin ya shiga gona.

“Wannan silindar tirelata ce,” ya ce. “Na san tafiyarta.”

Inna ta tura shi har makewayi, ta ja ƙofa ta tsaya a waje. Da suka dawo ya zauna a kujera a ƙofar ɗaki, karo na farko tun kwanciyarsa. Ya dubi 'ya'yansa uku da ke tsaye cirko-cirko a tsakar gida. Sai ya juya ga matarsa ya ce, “Wai a gidan nan an daina tuƙa tuwo ne?”

Labari ya bazu. Mutane suka riƙa zuwa kallo daga ƙauyuka, masu majinyata a gida suna roƙon a ƙera musu, 'yan ƙungiya kuma suna son babba don loda buhuna a amalanke. Kowa ya zo sai ya tambayi sunan abin, ba amsa. Malam Nomau ya sa aka kira mai rubutu a jikin motoci, ya ce a rubuta sunan wanda ya fi cancanta a cikin yaran a hannun ƙarfen. Mai fenti ya auna ya ce wurin siriri ne, suna ɗaya kawai zai ɗauka.

Nan aka yi ta. Mudi ya ce a rubuta Sahura, don shi da ya yi gaban kansa randa ya fasa. Sahura ta ce a rubuta Ashiru, don lissafinta a kafaɗar Inna ya tsaya. Ashiru ya ce a rubuta Mudi, don iska ba ta da abin turawa in babu silinda. Malam Nomau ya ce to uwarsu ta zaɓa. Inna Tasalla ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta dubi autarta, ta ce ita miyarta na ƙonewa, ta shige madafa. Mai fenti na tsugune da buroshi a hannu, fentin na bushewa.

To, jama'a, ga mai zane, ga mai ƙira, ga mai iska. Sunan wa za a rubuta a jikin ƙarfen nan?