Jan Filastan da Anti Babba Ta Ɓare

A wani asibiti akwai wata ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Anti Babba. Ta daɗe a ɗakin majinyata maza, kuma ta iya aiki, wannan ba mai musu. Cutarta ɗaya ce, ba ta iya jin an yabi wani a gabanta. Ko shayin wata aka ce ya yi daɗi, yinin ranar ba za a ga haƙorinta ba.

Ana nan sai aka kawo wata sabuwar nas, suka sa mata suna Auta.

A lokacin akwai abin da ke damun ɗakin. Mara lafiya zai samu sauƙi, ya ci abinci har ya yi hira, sai a yi masa allura, kafin ka ce me ya cika. 'Yan uwa su ce kwana ne ya ƙare, a share hawaye a tafi.

Auta ce ta lura mutuwar duk iri ɗaya ce, bayan allurar jijiya take zuwa. Da ta bincika durowar magani, sai ta tarar da ƙananan kwalabe iri biyu a cakuɗe, kamar tagwaye. Ɗaya ruwan haɗa allura ne. Ɗayan magani ne mai ƙarfi, in ya shiga jijiya kai tsaye zuciya yake tsayarwa. Mai sauri ba zai bambance su ba.

Ta raba musu wuri, ta naɗa wa masu haɗarin jan filasta a wuya. Mutuwar ta tsaya cak.

A taro, babban likita ya ce, "Daga yau kowane ɗaki ya bi tsarin Auta."

Aka tafa. Anti Babba ma ta tafa. Suna fita ta ce wa ƙawarta, "Ji fa, wai tsarin Auta! Yarinyar da aka haifa ina riƙe da sirinji? Mu da muka tsufa a nan makafi ne ke nan?"

Ƙawar ta ce, "Anti, ki bar shi mana, tunda yana amfani."

"Filasta ba ya jinya, ƙwarewa ke yi."

Ranar da Auta ta tafi hutu, Anti ta zauna ta ɓare filastan nan da farcenta, ta mayar da kwalaben durowa ɗaya. Ba kisa ta nufa ba. So take a taro na gaba ta miƙe ta ce, "Mu mun daɗe da cirewa, me ya faru?"

A makon nan zazzaɓi ya kwantar da mijinta, aka ba shi gado a ɗakin da take aiki. Ya fara warwarewa har yana tsokanarta: "Ashe a nan ma faɗa kike yi, na zaci mu kaɗai kike wa a gida."

Ta harare shi tana dariya, ta tafi gida ɗauko masa abinci.

Bayan fitarta aka kawo mutanen da suka yi haɗarin mota, ɗaki ya rikice. Wata nas da ta saba da tsarin Auta ta zo yi wa mijin Anti allura a gurguje. Ta ga kwalba babu ja, ta zuƙa da kwanciyar hankali.

Anti ta dawo da kula a hannu, ta tarar da likitoci sun kewaye gadon suna danna masa ƙirji. Can suka ja da baya, aka rufe shi.

Ta ɗauki kwalbar da ke kan tire. Wuyan kwalbar ya manne mata a yatsa. Danƙon filastan da ta ɓare ne, bai ma gama bushewa ba.

Darasi: In gyara ya zo ta hannun wanda kake jin haushi, karɓi gyaran, domin ba ka san ran wa zai ceta ba. Hassada a wurin aiki ba a kan wanda ake yi wa take tsayawa ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da rayukan mutane a hannunsu.