Cindo Kurege da Shafin da Ya Ƙi Buɗuwa

Ga wata nan tafe, ku gyara zama ta same ku. Mai latsa waya kuma ya kife ta tukuna, don labarin a kanta yake.

A wata shekara da damina ta yi rowa, akwai wani kurege a dajin Marke da ake kira Cindo, saboda da yatsu shida aka haife shi. Ba ya noma, ba ya ko kala a gonar wani, bakinsa ne gonarsa. Duk abin da ya mallaka a duniya wata tsohuwar waya ce da ya tsinta a juji, gilashinta ya tsattsage, an ɗaure ƙugunta da roba. Yunwa kuwa ta ci shi ta cinye, har idan ya yi tari sai haƙarƙarinsa su amsa.

Ana nan sai labari ya zo cewa a ƙetaren babban kogi, can Tudun Maiwa, amfanin gona ya yi kyau, za a yi gagarumin bikin kaka. Manyan dawa suka yi rububin sayen tikitin jirgin sama na Kamfanin Fiffike, wanda tsuntsaye ke da shi. Kamfanin kuwa ya kafa doka: kowane fasinja sai ya shiga shafinsu na intanet ya tabbatar da kujerarsa, a turo masa takardar shiga jirgi a waya. Wanda bai yi ba har aka rufe ƙofa, an ba wani kujerarsa.

To, nan fa ake yinta. Shafin nan tun zamanin kakannin tsuntsaye aka gina shi, ba wanda ya ƙara taɓa shi, kuma ba ya ga maciji da sababbin burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Kana dannawa sai wani ɗan zobe ya fito tsakiyar gilashi ya yi ta juyawa, bai buɗe ba, bai kuma ce maka ka tafi ba. Ni dai a duniya ban ga abin da ke ƙona rai kamar zoben nan ba.

Cindo na raɓe a rumfar mai cajin waya yana jin ƙorafin jama'a, sai ya ce bari ya gwada da tasa. Da dannawa ɗaya shafi ya buɗe! Ashe tsohuwar burauzar da ke cikin wayar juji sa'ar shafin ce, tare suka yi ƙuruciya. Sai dai rubutun duk ya hau kan juna, ga tsagar gilashi, ba abin da ke fitowa sosai sai wurin sa lambar tikiti da maɓallin ƙarshe. Cindo ya cusa wayar cikin jelarsa, ya yi murmushin mugunta.

Ga Kura can gefe, ta hau suri neman sabis ta sauko, ta goge hotunan jikokinta kaf wai ko wayar ta yi sauƙi, zobe dai na nan yana juyi. A gabanta ga guzurinta, ƙunshin kilishi da dambun nama, ƙamshi na tashi.

Cindo ya matso ya durƙusa. "Sannu, Gwaggo. Wa ya taɓa min ke?"

Kura ta ce, "Bari kai dai, ɗan nan! Tun jiya nake abu ɗaya. Saura kaɗan in tauna wayar nan in huta."

Cindo ya karɓi wayar, ya shinshina ta, ya girgiza kai. "Gwaggo, su wa ke da jirgin nan?"

"Tsuntsaye mana."

"To kin taɓa ganin tsuntsu ya buɗe wa mai warin nama ƙofa? Shafin nan yana jin ƙamshi. Muddin kilishin nan na kusa da ke, ko shekara za ki yi ba zai buɗe ba." Ya bugi ƙirji. "Amma kin yi sa'a. Ni ne Cindo, yatsa shida maganin maɓalli! Ni na koya wa intanet gaisuwa! Bar guzurin a wurina, ki je rafi ki kuskure baki, kada ki waiwayo."

Ya kife wayarta a ƙarƙashin akushi, wai ta huce. Kura na ba da baya ya zaro tasa, ya sa lambar tikitinta. Shafi ya kawo tambayar irin abincin da fasinja ke so, amma rubutun ya cakuɗe, sai Cindo ya dangwala wanda yatsansa na shida ya faɗa wa, ya wuce. Kafin ta dawo takardar shiga jirgi ta sauka a wayarta. Kura ta yi ta sa masa albarka har da ƙwalla, shi kuwa ya ja kilishi zuwa rami, ya ci har ya kasa juyawa.

Da gari ya waye, Cindo ya ji Raƙumi ma yana fama, kuma guzurinsa dabino ne da cuku, taiki guda. Sai dai Raƙumi ya san shi farin sani, don ya taɓa kama shi cikin mangalarsa. Saboda haka Cindo ya kwaɓa farar ƙasa ya shafe jikinsa tas, ya liƙa gashin kaza da ƙaro a kafaɗu, ya rataya wani murfin kwalba a wuya kamar shaidar aiki. Ya tafi yana ɗaga ƙafa irin tafiyar balbela.

Ya maƙe murya ya ce, "Ranka ya daɗe, wakilin Kamfanin Fiffike ne, reshen ƙasa. An ce kana da koke."

Raƙumi ya sunkuyo da dogon wuyansa. "Yauwa, gara da kuka zo! Ni nawa shafin yana buɗewa rabi, amma maɓallin ƙarshe ya gudu can gefen gilashi. In na bi shi dama ya yi hagu. Wannan wace irin sana'a ce kuke yi?"

"Nauyi ne, Alhaji. Shafinmu yana auna fasinja ta cikin waya. Ga ka, ga tozo, ga taiki. Dole a rage ɗaya."

"Tozon ai ba ya ciruwa."

"To ka ga ka yanke wa kanka hukunci," in ji Cindo, yana jan taikin dabino.

Aka kife waya a akushi, aka tura Raƙumi ya zagaya bayan kuka wai ya rage iska. Cindo ya zaro tasa. Wannan karon akwatin shekarar haihuwa ne ya ƙi motsi, ya kafe a kan bana. Cindo ya ce, "Bana ma ai shekara ce," ya danna. Shafi ya sake tambayar wani abu da bai karantu ba, ga sunan Kura na jiya ya fito da kansa a wurin, ya danna shi ma. Takarda ta sauka. Raƙumi ya yi godiya, har ya ce a gaida manya a ofis.

Yanzu fa ramin Cindo ya cika, da mai hankali ne da sai ya zauna ya ci abinsa. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ya ji cewa Giwa ba ta samu ta tabbatar da kujerarta ba, kuma guzurinta buhun gyaɗa ne da ƙwaryar dakuwa. Ku kuwa kun san kurege da gyaɗa. Kilishi da dabino duk suka fita ransa.

Da gari ya waye, ranar tashi ke nan, Cindo ya ƙara shafa farar ƙasa, ya kafa ɗan teburinsa gindin wata bishiyar bedi a ƙofar filin jirgi. Sai ga Giwa tana tafe tana haki, buhu a ka, waya a hanci, hankalinta a tashe. 'Yarta ce ke aure a Tudun Maiwa, ta haihu, kuma Giwa ta yi alkawarin da ita za a yi suna.

Ta ce, "Ɗana, ka taimake ni. An kusa rufe ƙofa, ni kuwa zoben nan ya ƙi tsayawa."

Cindo ya ce, "Kwantar da hankalinki, Iya. Kin zo wurin mai abin! Ni ne wanda shafi ke gani ya miƙe tsaye! Gyaɗar nan ce matsala, tsuntsaye na jin ƙararta sai hankalinsu ya rabu. Ajiye ta nan bayana, ki juya ki rufe ido."

Giwa ta sauke buhu, aka kife wayarta a akushi, ta juya baya. Cindo ya jefa dakuwa ɗaya a kunci, ya zaro tsohuwar wayarsa ya danna.

Abin da bai sani ba, koke ya yi wa tsuntsaye yawa, da safiyar nan suka kira masu gyara aka sabunta shafin. Maimakon ya buɗe, sai wani rubutu ya fito, karo na farko tar ba cakuɗewa: wannan burauza ta tsufa, a nemi sabuwa. Ya sake dannawa. Ya goga wayar a ciki, ya hura mata iska, ya danna da yatsu shidan gaba ɗaya. Ko gezau.

"An gama, ɗana?"

"Saura ƙiris, Iya! Kada ki buɗe ido, shafin yana da kunya!"

Gumi ya karyo masa, farar ƙasa ta fara zuba. Ana cikin haka sai wayar Giwa ta yi ƙara daga ƙarƙashin akushi. Giwa ta ɗaga akushin da hanci, ta ga zobe ya tsaya, shafi ya buɗe da kansa, fes. Ta danna sau ɗaya, takarda ta sauka, ga kuwa gyaɗarta nan kusa ba ta hana komai ba. Ta dubi wayar, ta dubi wakilin kamfani da ke narkewa a gabanta.

Kafin ta yi magana sai ga hayaniya daga cikin filin jirgi. Kura da Raƙumi ne suka fito suna kumfar baki, Balbela ma'aikaciyar kamfanin na biye da su.

Balbela tana ce wa Kura, "Hajiya, ni abin da ke rubuce nake faɗa. Ke kika zaɓi abincin masu cin ganye, kwaɗon zogale za a ba ki. Shi kuma Alhaji an rubuta bana aka haife shi. Jariri ba shi da kujera, tasa an ba wani tun jiya. A cinyarki zai zauna, ga sunanki nan a matsayin mai riƙonsa."

Raƙumi ya ce, "Ni? Da furfurata? Wakilinku ne fa ya cika min, har ya karɓe min dabino saboda nauyi!"

Kura ta ce, "Ni ma an raba ni da kilishina, wai shafinku na jin ƙamshi!"

Balbela ta ce, "Mu ba mu da wakili, kuma ba mu taɓa hana kowa guzuri ba."

Giwa ta ce, "Ku zo ku ga wakilin." Ta zuƙi ruwa a randar masu alwala ta fesa masa. Gashin kaza ya yi sama, farar ƙasa ta bi ruwa, sai ga Cindo tsamo-tsamo, kunci a kumbure, tsohuwar waya a hannu.

Ya ce, "Jama'a, ku tsaya a yi bincike, matsalar daga sabis ce..."

Raƙumi ya sa masa ƙafa, ya tashi sama kamar ƙwallon yara. Yana faɗowa Kura ta cafki jelarsa, ya fizge ya bar mata gashi cike da baki. Wayar juji kuwa Giwa ta taka ta ba da saninta ba, ko robar ba a samu ba. Cindo ya ranta a na kare. Da ba don Balbela ta yi shelar za a rufe ƙofa ba, da yau babu sauran kurege a duniya.

Haka jirgi ya tashi, Giwa na bakin taga da buhun gyaɗarta, ta samu sunan jikanta. Kura kuwa ta yi tafiyar nan da Raƙumi a cinya, ƙafafunsa har wajen direba, tana tura zogale tana hawaye.

Shi kuwa gogan, da ya kai bakin raminsa ya ga ba mai binsa, sai ya miƙe tsaye da ƙyar, ƙugu na ciwo, jela a tsige. Ya ɗaga kai ya ga jirgin na wucewa, ya tauna dakuwar da ke kuncinsa, ya ɗaga murya:

"Ku sauka lafiya! Ni ne Cindo, wanda ya mai da Raƙumi jariri, ya sa Kura kiwo! Ku je ku dawo, ai shafin dawowa ma sai an tabbatar da kujera!"

Shi ya sa har gobe in kun ga kurege a bakin hanya za ku ga farin layi a gefen cikinsa, ragowar farar ƙasar nan ce da ruwan Giwa bai wanke ba. Kuma za ku gan shi ya miƙe tsaye, hannu biyu a ƙirji, yana waige-waige. Waya yake nema, ko Allah zai sa wani ya yar da tsohuwa.

Ƙurunƙus! Kan kurege dai ya sha, jelar ce ta biya.